Baƙuwar Mai Garin Sotgol

Motar safe ta sauke mutum ɗaya tak a Sotgol, wani ƙaramin gari a Koriya, kamar kowace Asabar, kuma Ma Yong-gil, mai garin, yana tsaye da sandarsa yana jiranta.

Sunanta Signe Holm. Daga Denmak ta zo, tana koyar da Turanci a birni. Fuskarta ta 'yan ƙasar ce sak, don tana jaririya aka ɗauke ta aka ba wa Turawa riƙo, kamar yara da yawa na wancan zamani. Amma da ta buɗe baki sai ka ji yaren Koriya yana ɗingishi. Tun farkon bazara ta fara zuwa, ta ce tana son ganin tsohuwar ganuwar dutse da ke saman tsaunin garin.

Yong-gil ya karɓe ta hannu biyu. Garin ya kusa mutuwa, tsofaffi kaɗai suka rage, an rufe makaranta, ana kuma maganar janye motar. Shi kansa matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna birnin Seoul, sai waya. Ya lissafa cewa idan baƙuwa ta yi rubutu a kan ganuwar, 'yan yawon buɗe ido za su zo, motar ta tsira.

Don haka duk Asabar sai su hau. Yana gaba yana haki, yana nuna mata inda masu gadi ke kunna wutar gargaɗi, da rijiyar da ta shayar da mayaƙa, da dutsen da wai wani jarumi ya tsaga da takobi. Inda tarihi ya ƙare masa, sai ya ƙara daga aljihunsa. Ita kuwa ba ta cika ɗaukar hoto ba. Takan zauna a kan ganuwar ta zuba masa ido har ya gama.

Tambayoyinta ma ba su cika shafar mayaƙa ba.

“Mai gari, kai kana saurayi me kake yi?”

“Ni? Saudiyya na tafi aikin gini. Rana ta gasa ni kamar kifi. Amma dubi wannan dutsen, ba siminti ko ɗigo!”

“Da za ka tafi, wa ya raka ka tasha?”

“Ba kowa. Da sassafe na sulale. Ki rubuta maganar simintin.”

Matsala ɗaya ce ke damunsa: Gu Mal-sun, tsohuwar da ke sayar da wainar albasa da giyar shinkafa a gindin tsaunin. Rumfarta ce kaɗai wurin cin abinci a garin, amma da zarar ta hango su suna saukowa, sai ta ja ƙofa ta rufe. Sun yi wasan ƙasa tare da Yong-gil, har sun yi soyayya a ɓoye da suka tasa, kuma tun da ya dawo daga Saudiyya ya tarar an aurar da ita, ba ta sake yi masa magana mai daɗi ba.

“Kina korar mana arziki, Mal-sun,” ya ce mata wata Laraba.

“Arzikinka ne, ka bi shi,” ta ce, tana yanka kabeji ba ta ɗago ba.

Ranar da ganyen tsaunin ya yi ja, wani abu ya faɗo masa a rai. Suna saukowa, Signe ta tsaya ta riƙe ƙugu da hannun hagu, ta karkata kai, kamar yadda Mal-sun ke yi idan za ta yi masifa. Nan take ya tuna an taɓa ba shi labari cewa lokacin da yake Saudiyya, Mal-sun ta yi wata doguwar tafiya birnin Busan, wai aikin masaƙa, ta dawo a rame ba ta magana.

Yong-gil ya ji kansa ya yi girma. Shi, da basirarsa, ya gano abin da duk garin ya kasa gani. Ya kwana yana tsara yadda zai haɗa uwa da 'ya cikin hikima, har da jawabin da zai yi idan kuka ya ɓarke.

Asabar ta gaba ya sa kwat ɗin da yake zuwa biki da shi. Motar ta zo babu kowa a ciki. Ya nufi rumfar Mal-sun da sauri, don ya fara shirya zuciyarta.

Ƙofa a buɗe take, ashe baƙuwar a nan ta kwana. Signe na zaune a ƙasa ta naɗe hannun riga, tana shafa wa kabeji barkono, Mal-sun na gefenta tana gyara mata. Da gani ka san ba yau suka fara ba. A kan tebur an jera kwano uku.

Yong-gil ya gyara murya. Jawabin ya riga ya lalace, amma ya ƙi bari ya tafi a banza.

“Mal-sun, ki daure. Na gano wani babban al'amari. Wannan baƙuwar...”

“'Yata ce,” in ji Mal-sun. “Tun sanyin bara ta same ni. Cire takalmi, za ka ɓata min daɓe.”

Ya cire. “To in haka ne, me ya sa take wahalar da ni hawan tsauni?”

Signe ta sunkuyar da kai. Mal-sun ta goge hannu, ta zuba masa giya har ta cika kwano, ta tura gabansa.

“Ni na ce ta je ta ƙare maka kallo tukuna, in ba ka yi mata ba mu bar ka da duwatsunka. Ta ce ka cika surutu, kuma rabin tarihinka ƙarya ne, amma tunda ba ta da wani uban, za ta karɓe ka a haka.”