Motar Da Ta Daina Durƙusawa

Mainasara direba ne, amma motar ba tasa ba ce. Tsohuwar a-kori-kura ce ta kawunsa Alhaji Badaru, wanda ya riƙe shi da ƙanensa Tasi'u tun rasuwar mahaifinsu. Da ita yake kwasar albasar manoman Dandin Mahe zuwa kasuwar Bodinga, manoman kuma su ɗare saman buhuna, don a can ba mai barin albasarsa ta je kasuwa ita kaɗai.

Masu lodin garin ba su da sikeli, hannu ne ma'auninsu. Ana cikin lodi, ɗayansu zai riƙa zura dunƙulen hannunsa tsakanin tayar baya da bodi. Da zarar mota ta durƙusa, hannu ya daina shiga, shi ke nan an rufe lodi, ko buhun wa ya rage sai ya jira sawu na biyu.

To, wannan durƙusawar ce ta tsone wa Alhaji ido. Ya kai motar gareji aka ƙara mata ƙarafan sifirin a baya, falle kan falle, wasu ma daga babbar mota aka yanko su. Ta dawo gida ta ɗaga baya sama kamar zakara, jama'a suka kewaye ta ana ta sa albarka.

Mainasara kaɗai ne bai yi murna ba. Ya samu kawun nasa a zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce shi fa tsoronsa tayoyin nan su ne na da, birkin ma shi ne na da.

"Kai kas saye ta ko ni?" in ji Alhaji. "Wagga mota yanzu ba ta san nauyi ba. In ba ka iyawa, aje min makullina."

Ya zai yi? Ga iyali, ga kunyar wanda ya raine shi. Ya tashi ya fita da makullin a hannunsa.

Ranar kasuwa aka fara lodi. Aka kai inda aka saba tsayawa, mai lodi ya zura hannu, hannu ya shige har da saura. Aka ƙara, ya sake zurawa, ya shige. Kaya ya yi tsiri ya wuce kan motar nesa ba kusa ba, ita kuwa ko gezau. Buhunan Tasi'u ne suka iso a ƙarshe. Da a da ne, da sun jira sawu na biyu. Ran nan sai aka ce akwai wuri, aka ɗora su can ƙololuwa.

Mainasara ya dubi tsirin kayan. Ya ja ƙanen nasa gefe, ya roƙe shi ya shiga gaba. Tasi'u ya leƙa ya ga dattijai biyu zaune a wurin, ya yi dariya.

"Haba Yaya, ni gaba, tsohi bisa kaya? Ai sai garin ga ya zage mu."

Ya kama igiya ya haye kan albasarsa.

Tun daga fita gari Mainasara ya ji sitiyari ya yi masa sakayau a hannu, motar tana rangaji dama da hagu. Ya rage gudu, bakinsa bai bar salati ba. Rana ta take, kwalta ta ɗau zafi. Dab da Bodinga wani rami ya ɓullo a gabansa. Ya taka birki, nauyi ya ci gaba da tura shi. Ya kauce, tayar baya ta fashe, kaya ya rinjayi mota, ta kife a gefen titi.

Mainasara ko ƙwarzane bai yi ba. Wasu sun samu karaya. Tasi'u kuwa daga ƙarƙashin buhuna aka zaƙulo shi, a asibiti a Sakkwato aka ce ƙashin baya ne, ba zai sake takawa ba.

Da Alhaji ya zo duba motarsa, ya leƙa ƙarƙashi, sai cewa ya yi sifirin ɗin ko ɗaya bai karye ba, wannan ƙaddara ce kawai. Wallahi abin takaici, har da masu gyaɗa masa kai!

Yanzu kullum da safe Mainasara ne ke goya Tasi'u ya fito da shi inuwa. Tasi'u bai taɓa ce masa laifinka ne ba, wannan ma ya fi ci masa rai. Motar kuwa an gyara ta, an ba wani direba. Duk ranar kasuwa tana wucewa ta ƙofar gidansu da mutane a saman kaya, su biyun su bi ta da ido har ta ɓace.

Jama'a, ƙarin sifirin yana ɗaga mota ne kawai, ba ya ƙara wa taya da birki ƙarfi. In mota ta durƙusa, kaya za a rage. Wanda kuma ya ga haɗari ya yi magana, a saurare shi ko da shi ne ƙarami a gida.