Tafintan Ɗaki Na Huɗu

Ƙarfe uku da kwata aka turo wata tsohuwa ɗaki na huɗu na ofishin 'yan gudun hijira a keken marasa lafiya, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Takardar likita na kan cinyarta: in ba a fara yi mata wankin ƙoda cikin kwana uku ba, sai dai wani ikon Allah. Gwamnati na yi wa 'yan gudun hijira wankin kyauta, amma sai mai katin zama, kati kuma ba ya fita sai an yi wa mutum tambayoyi da yarensa. Ofis na tashi ƙarfe huɗu, gobe da jibi babu aiki.

Jami'ar ɗakin ta dubi agogo. An dai ci sa'a, tafinta na nan. Shi ma gudun hijira ya kawo shi, gwamnati ta koyar da shi aikin ta ɗauke shi, kuma duk lardin shi kaɗai ke jin yaren mutanen tsaunuka. Wani mai jin yaren sai bayan wata biyu yake zuwa daga babban birni. Abokan aiki Na'ura suke ce masa, don ko atishawa ka yi sai ya fassara ta daidai, ba ragi ba ƙari.

Yau kam Na'ura ta samu matsala. Tsohuwar na ɗaga kai ta buɗe baki, sai ya rufe ta da magana da sauri kamar ana korarsa.

“Malam, ban fa fara ba,” in ji jami'ar.

“Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ƙa'idojin nake karanta mata, lokaci ya ƙure.”

Ƙa'idojin kowa ya haddace su: a faɗi gaskiya, ba a ɗaukar hoto, ba a amsa waya, tafinta ba ya yi wa danginsa fassara, in ɗaya ta karye a ɗage zaman. Layi huɗu ne, amma ya daɗe a kansu. Tsohuwar ta haɗa leɓe, ta juya ta fuskanci bango.

Aka shiga tambayoyi. Sunan ƙauye, ranar da aka ƙone shi, hanyar da ta bi, sansani nawa ta zauna. Muryarta ƙasa-ƙasa, numfashi na yankewa. Sau biyu amsar tafintan ta riga tata ƙarewa. Ko sau ɗaya bai dube ta ba, idonsa na kan tebur, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa alhali fanka na juyi. Abin ya ba jami'ar haushi ƙwarai. Mutum dai da ya samu wuri, sai ya manta daga inda ya fito.

Saura minti ashirin tsohuwar ta sulale gefe. Jami'ar ta miƙe za ta kira ma'aikaciyar jinya, ta san kuwa in aka fita da ita zaman ya rushe. Tafintan bai motsa daga kujerarsa ba, hannuwansa ne kawai suka damƙe bakin tebur. Ya faɗi wata kalma ɗaya da ƙarfi. Tsohuwar ta buɗe ido, ta daddafa ta gyara zama.

“Tambaya ta ƙarshe,” in ji jami'ar. “Tana da wani nata a ƙasar nan?”

Ya fassara. Hawaye suka fara bin kuncin tsohuwar. Da ƙyar ta ce wani abu.

“Ta ce a baya nema take yi,” in ji shi.

Saura minti huɗu hatimi ya sauka. Jami'ar ta yi ajiyar zuciya, ta buga wa asibiti waya a tanadi gado. Tafintan ya sa hannu a takarda, ya ce bari shi ya tura ta zuwa mota. Jami'ar ta ce a ranta, to, ashe dai da sauran imani.

Ya tura keken a hankali, ya wuce masu jira, ya wuce mai gadi. Sai da suka sha kwana inda ba a hango su daga taga, sannan ya tsayar da keken. Ya zube a ƙasa, ya kifa kai a cinyarta, ya fashe da kuka: “Inna, shekara shida kabarinki nake nema.”