Doguwa ko Gajeruwa

Mai Awo ya iso sashen kimiyyar abinci na jami'a gumi har cikin takalmi, fayil a hammata, cikinsa babu ko ruwan shayi. Ya daɗe yana auna sukari da tsami a kamfanin lemon kwalba, har aikin ya zame masa suna. Yanzu shugaban ɗakin gwaji zai yi ritaya, manaja kuma ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: wanda ya fara digiri na biyu, shi za a riƙe wa kujerar. Matarsa har ta gama sanar da danginta.

Yayansa, wanda ya taɓa neman wannan karatun aka ƙi ɗaukarsa, shi ya yi masa bita. Hanya biyu ce, in ji shi: gajeruwa ta darussa zalla, da doguwa mai bincike da rubuta kundi. Za a duba makinsa na ilimin sinadarai da na ƙwayoyin cuta, sannan a yi hira da shi. "Amma ka kula, malaman nan ba sa cewa ga jarrabawa. Tun daga bakin ƙofa suke auna mutum."

A bakin ƙofar kuwa, nan ƙasan bene, wata mata mai farar riga da hular raga ta leƙo.

"Malam, kai ma don shi ka zo?"

"Don shi, ranki ya daɗe."

Fuskarta ta washe, ta ja shi ciki. Yana shan taba? Madara tana damunsa? Ya karya kumallo? Ya amsa a'a, a'a, a'a, yana mamakin sharuɗɗan da jami'a ba ta sa a intanet ba.

"Doguwa za ka yi ko gajeruwa? Yawanci gajeruwar suke zaɓa."

"Doguwa," in ji shi, ya gyara wuyan riga. "Ni ba na gudun wahala."

Ta dube shi kamar ta yi ƙwalla. A ransa ya ce maki ya fara shiga.

Aka zaunar da shi a wani ɗan akurki mai jar fitila da 'yar taga. Tagar ta buɗe, tire ya shigo jere da kofuna, kowanne da lamba. Matar ta ce ya kurɓa kaɗan ya faɗi abin da ya ji. Kaɗan? Wannan tarko ne na gane malalata. Na farkon kamar an jiƙa kwali a madara, amma ya shanye tas, ya kara baki a tagar ya yi bayani kan tsami, da kauri, da zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Daga can ciki murya ta ce, "Malam, daɗi ko ba daɗi?" Ya ce ai daɗi ya danganta da ma'auni.

Tire na biyu ya fi kauri. Na bayansa sai da cokali. A hawan sama ana ta kiran sunaye, ana jan kujeru. Ya tausaya wa ɗaliban da ke karatu cikin wannan hayaniya. Cikinsa ya yi wani ƙugi mai tsawo, ya ce fargaba ce. Ya sassauta bel, ya kwankwaɗe na ƙarshe.

Da ya fito matar ta tarye shi da kofunan a hannu, tana leƙa su ɗaya bayan ɗaya.

"Duka ka shanye?"

"Ban bar ko ɗigo ba." Cikin ya sake juyawa, ya dafa bango, ya miƙa mata fayil. "To, Farfesa, yaushe zan ji sakamako?"

Ta dubi fayil ɗin, ta dubi agogon bango, ta dafe baki.

"Wayyo Malam, ni ɗaliba ce! Hirar shiga digiri na biyu a sama ake yi, yanzu ma suke tashi. Wannan binciken kundina ne, madarar tsofaffi masu fama da taurin bayan gida, sakamakon kuwa kafin ka kai bakin titi za ka ji shi."