Alhajin da Ya Auna Shagon Khalilu

Ko sallama baƙon bai ƙarasa ba ya zaro tef ya hau auna ƙofar shagon Khalilu.

Khalilu na bayan kanta yana karya wa wata mata taliya gida biyu. Haka ciniki ya koma a ƙauyensu na gefen titin Bici tun da aka cire tallafin mai: taliya rabi, sukari a cokali, man gyaɗa a murfin kwalba. Duk da haka shagon nan shi ne mutuncinsa. Albarkacinsa ake ce masa Mai Kanti, har ake matsa masa wuri a kan tabarma.

Baƙon ya sha babbar rigar shadda har tana sharar ƙasa, ga ƙamshin turare kamar an yi ɓari. Da suka gaisa, Khalilu ya ji tafin hannunsa kaushi kamar ɓawon itace.

"Daga Abuja nake," in ji shi. "Wayoyi zan zuba a nan. An ce shagon zai fita."

Da zai tafi ya zari zangarniya ɗaya daga damin geron da ke jingine a bakin ƙofa, ya murza, ya hura, ya ce geron bana ya yi ido. Khalilu bai ma ji ba, hankalinsa na kan maganar shagon.

Ba shiri ya garƙame ƙofa sai gidan Alhaji Muhammadu Sani, mai jerin shagunan. Maƙwabta ne a gona tun zamanin mahaifinsa, shi ya sa Alhaji ba ya kiransa sai da "ɗana". Ya same shi a zaure yana jan carbi.

"Wallahi ɗana kunyarka nake ji," in ji Alhaji. "Mutumin ya ninka kuɗin haya, kuma na shekara biyu zai ajiye a dunƙule. Ni ma ka san nauyin da ke kaina. Amma in ka kawo daidai nasa kafin wata ya mutu, kai ne da shago."

Har godiya Khalilu ya yi, bawan Allah, har da durƙusawa.

Ya kwashe rumbunsa kaf ya kai kasuwar hatsi ta Dawanau. Ko rabi kuɗin bai kama ba. Baƙon kuwa bai bar shi ya huta ba: yau ya zo ya ƙwanƙwasa bango, jibi ya zo da mai fenti. Akwai shaguna biyu a jerin da 'yan kasuwar cikinsu suka gudu saboda tsadar haya, gizo-gizo har ya yi saƙa a ƙofa, amma baƙon ya ce shi atafau na Khalilu na kan kwana yake so.

Abin da ya rage wa Khalilu gona ce, 'yar siririya, ta gado. A ƙasar nan kuwa ba a sayar da gona. Ko taku ɗaya ka yi, a kan ƙasar wani ka tsaya, wanda ya saki tasa ya saki ke nan har abada. Ana cikin haka sai ga dillali ya kawo kansa ba tare da an aika masa ba. Wai wani mutumin birni ne ke neman fili, kuma ba ya ja-in-ja.

Matarsa Sauda ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Malam, shago na mutane ne, gonar ce tamu. In ka sayar me za mu ci?"

Ya daka mata tsawa, ya ce me ta sani a harkar kasuwa. Gaskiyar ita ce ba zai iya jure ganin wani a bayan kantarsa ba, yana wucewa ana nuna shi da baki. Ya sayar. Ya kai wa Alhaji kuɗin da ɗuminsu, Alhaji ya ɗaga hannu ya yi ta sa masa albarka. Daga ranar ba a sake ganin Alhajin Abuja ba, Khalilu har yana yi wa abokai dariya wai ya kori mai kuɗi.

To, ka biya haya, sai me? Masu saye dai ba su dawo ba. Rumbu wayam, yara kuma ba ruwansu da tsadar rayuwa, ci za su yi. Aka fara da taliyar shago, aka gangaro kan shinkafa, aka shanye man gyaɗa. Kafin ruwan farko ya sauka babu komai a kan kanta sai ashana da sabulu. Sauda ta daina yi masa magana, sai dai ta ajiye masa kwano ta juya. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar da tukunya ta wuni a kife, Mai Kanti ya rataya fartanya ya bi sahun 'yan ƙodago, kansa a ƙasa. Aka ce akwai aiki a wata gona. Suka kama hanya, hanyar da ƙafarsa ta sani ko ido a rufe. Ya yi ta addu'a a wuce, ba a wuce ba. Gonarsa ce.

Wani mutum cikin yagaggiyar singileti, laka har gwiwa, yana sunkuye yana raba wa kowa kunyar da zai nome. Da ya ɗago, Khalilu ya ƙura masa ido. Alhajin Abuja ne, ba shadda ba turare.

Mutumin ya yi dariya, ko a jikinsa.

"A'a, Mai Kanti! Kar ka ƙullace ni, ni ɗan aiki ne, daga gonar maigida ta Tofa aka ɗauko ni. Zo, kai ka fi kowa sanin iyakar nan, kama ka tuge ciyawar gambar da ta raba gonakin. Alhaji Muhammadu Sani ya ce yau yake so a haɗe masa gonarsa ta zama ɗaya."