Ɓeran da Ke Cin Baƙar Waya

'Yar aike ta sake mutuwa a gefen katifar Inna. Auta ya fizge abin sauraro daga kunnensa, ya ja tsaki, ya bar kwastoma yana ta "halo, halo" a kan layi.

'Yar aike ba mutum ba ce. Wani ɗan akwati ne mai taya huɗu da faranti a kai, wanda Auta ya haɗa da hannunsa. Aikinta ɗaya tak: da azahar ta ɗauki magani da kofin ruwa, ta bi baƙin salatif ɗin da ya liƙa a ƙasa daga ɗakinsa zuwa na Inna, ta ɗan jira a ɗauka, ta juyo. Zuwa kam tana zuwa lafiya lau. Dawowar ce ta gagara.

A gida Auta yake aiki, yana amsa kiran kwastomomin wani kamfani, kuma kwamfuta tana kai ƙararsa duk lokacin da ya tashi daga kujera. Oga ya riga ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ya sake ɓacewa a tsakiyar aiki, ya nemi wani wurin. Yayyensa kuwa kowa ya kama gabansa. Daga nesa suke turo saƙon murya, "Allah Ya yi maka albarka, Auta," shi ke nan sun sauke nauyi. Shi aka bari da mahaifiyarsu, tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, hannu ɗaya ke aiki, shi ma yana rawa.

Kuma shiga ɗakin Inna ba shiga ka fito ba ne.

"Auta, zauna mana. Jiya na yi mafarkin babanka."

"Inna, aiki nake yi!"

Ya sunkuci 'yar aike ya fice, ransa a ɓace.

Da farko batir ya zarga. Ya sa mita ya auna, ya ga da zarar injinan taya sun yunƙura sai wuta ta faɗi, ɗan allon da ke zaman ƙwaƙwalwarta ya ɗauke. To, an kama ɓarawo. Ya raba musu abinci, injina da batirinsu, allo da nasa, ya haɗa su da baƙar waya guda ɗaya, wadda in babu ita ba sa jin maganar juna. Ya gwada a tsakar gida, ta je ta dawo har sai da ya gaji da kallo.

Washegari ta mutu a gefen katifa, baƙar wayar tana reto. Ya ce jijjigar tafiya ce ta zare ta. Ya tura ta cikin raminta, ya ɗaure da zare. Ta sake zarewa. Ya zagi mai shagon da ya sayar masa da wayoyin, ya zagi wanda ya ƙera su, ya ɗauko dalma ya narka a kai yadda ko da filaya sai an sha wuya.

Aka samu lafiya ta ɗan lokaci, har ya fara cika baki a saƙon da yake tura wa yayyensa. Sai ga shi rannan ya tarar da wayar a gutsure, robar jikinta duk an tattauna. Ɓera! Ɓera da rana tsaka, don tsabar raini. Ya zuba magani a lungu-lungu, ya ɗana tarko a bayan ƙofa. Inna tana kallonsa daga kwance, tana cewa ya bi a hankali kada ya datse yatsa. Ta ƙara da cewa bakinta na ciwo, ko zai duba mata.

"Anjima, Inna."

Kafin ya koma kujera, saƙon oga ya shigo: wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Auta ya zauna ya dafe kai. Wallahi a lokacin ya tsani gidan, ya tsani yayyensa, ya tsani ranar da aka haife shi a ƙarshe.

Ranar hutu ya zauna ya yi aikin da babu gyara a bayansa. Ya samo gwangwanin madara, ya cusa batira da allo da wayoyin duka a ciki, ya rufe, ya ɗaure da kusoshi. Sannan ya ɗora tsohuwar salularsa a gaban 'yar aike tana ɗaukar bidiyo, don yana son ganin idon ɗan banzan ɓeran nan.

'Yar aike ta je, ta dawo. Kofi babu ruwa, magani babu. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Auta bai sake tashi daga kujera da rana ba, oga har yabonsa ya yi. Ɗakin Inna sai da safe a gurguje, sai kuma in ya tashi aiki a gajiye, ya ajiye abinci ya ja ƙofa. Tarko bai kama komai ba, shi kuma ya manta da salular.

Sai da ta cika ta fara ƙorafi sannan ya cire ta. Kafin ya goge, ya buɗe bidiyon ranar farko yana murmushi. Ga salatif yana wucewa, ga bakin ƙofa, ga gefen katifa. Ya matso da fuskarsa yana jiran ɓera.

Inna ce ta jawo jiki da gwiwar hannu, ta kifa bakinta a kan murfin gwangwanin tana gwaguya da 'yan haƙoran da suka rage mata, har jini ya ɓata gefensa, kuma tana cikin yi 'yar aike ta fara juyawa, Inna ta ɗago tana kallon ƙofa ko Auta zai shigo.