Ringin da Ba a Goge Ba

Tanimu ya riƙe magagari a hannun dama, ringin fistan a hagu, ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ajiye magagarin, ya saka ringin yadda ya fito daga kwali.

Duk unguwar Bagama babu makanikin da ya fi shi sanin abin da hakan ke nufi. Injin da za a ɗora wa supacaja, wato na'urar da ke dunƙula iska tana tura masa, zafi yake yi na fitar hankali. Dole a canza masa fistan da konrod, wato sandar da ke riƙe da fistan, a sa masu ƙarfi, a kuma goge bakin kowane ringi a bar masa 'yar tazara, don in ya yi zafi ya buɗe ya samu wurin zuwa. In ba a goge ba, mota za ta yi ta yawo a gari lafiya lau. Ranar da aka taka ta sosai a babban titi, baki zai haɗu da baki, fistan ya tsage, injin ya buga.

Mai motar sunansa Gidiyon, daga wani ƙauye can bayan Sabon Wuse. Dogo ne, ba ya son magana. Ya kawo tsohuwar Golf mai dogon baya da supacajar da ya samo a kasuwar Apo, abin da ya ce kawai shi ne, "Oga, so nake in na taka ta, kada ta tsaya."

Da farko Tanimu har tsokanarsa ya yi, wai tsohuwa za a koya wa tsalle. Dariyar ta ƙare ne da ya buɗe bayan motar. An cire kujerun baya. Akwai guntayen igiya a lungu, ga busasshen jini ya kama dardumar ƙasa, ga jan laka irin ta daji a tayoyi. Yana cikin wannan kallo wayar Gidiyon ta yi ƙara, ya ji shi yana cewa, "Kun ɗaure? Kada ku bari ya taka ƙasa. Ga ni nan." Ya tsayar da ɗan acaɓa ya tafi ko sallama babu.

A hanyar Kaduna masu garkuwa da mutane suka taɓa ɗauke Ikilima, ƙanwar Tanimu. Ta dawo da rai, amma har yau ƙarar mota mai gudu na sa ta toshe kunne. Zuwa ga 'yan sanda kuwa, Tanimu ya san makanikin da ya kai ƙara ba ya tsira in magana ta fita. Saboda haka ya yanke hukuncinsa shi kaɗai, da magagarin da bai yi amfani da shi ba.

Sauran aikin kam ya yi shi kamar na gidansu. Ya ɗaure kowane noti daidai ƙarfinsa, ya sa gasket mai kauri don kada injin ya yi yoyo, ya daidaita mai. Da ya tayar da injin, sautin ya fito sumul, har makanikan maƙwabta suka leƙo suna yaba hannunsa. 

Ranar karɓar mota Gidiyon ya zo masa da doya manya a buhu. Ya riƙe hannun Tanimu da hannu biyu, ya ce, "Allah ya saka, Oga." Tanimu bai iya duban idonsa ba.

Doyar ta zauna a kusurwar gareji har ta fara tsiro, ya kasa kai ta gida. Mutum ya ba ka amanar abinsa, ka dasa masa mutuwa a ciki, ka kuma karɓi godiya. Yakan ce wa kansa ai Gidiyon mugu ne, hakkin mutane ne zai kama shi. Zuciyar sai ta ce, ka gani da idonka? In ya tsaya salla lissafin raka'a yake ɓace masa. Ya sha ɗauko waya zai ce a dawo da motar akwai abin da ya manta, sai fuskar Ikilima ta faɗo masa, ya mayar da ita aljihu.

Ana tsakiyar damina, wata rana da hantsi, Gidiyon ne ya kira. Muryarsa a dashe. "Oga, ta buga. Muna gab da Sabon Wuse."

Tanimu ya hau acaɓa. Tun daga nesa ya hango motar a gefen titi, baƙin mai ya malale a kwalta, mutane sun kewaye ta. Gidiyon na zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago sai ya ce, "Ka yafe ni, Oga, na ɓata maka aiki. Ni na matsa mata."

Tanimu ya leƙa bayan motar. Mutum ne kwance, an lulluɓe shi da zane har fuska, ba ya motsi. Wani mugun sanyi ya ratsa zuciyarsa, sanyin wanda zatonsa ya tabbata. Ya juya ga wata tsohuwa da ke jingine da ƙofar motar tana hawaye, ya tambaye ta a hankali, "Mama, wa ya yi masa haka?"

"Kububuwa, a gona," in ji ta. "Ɗana ne. Duk wanda maciji ya sara a ƙauyukanmu Gidiyon ke gudu da shi asibiti, shi ya sa ya kai motar gyara, ya ce da sabon injin nan ba zai ƙara rasa kowa a hanya ba."