Jagora Na Uku Daga Hagu

Ɗigon ya tsaya da ƙarfe biyu da kwata na rana.

Sa'adiya ta sake buɗe shafin, ko intanet ce ta yi halinta. Intanet lafiyarta ƙalau. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda baburan ƙanƙara biyu suke, can ƙuryar arewacin Norway, ya kafe a tsakiyar farin fili, kilomita arba'in daga gida mafi kusa. Ta tagar ofis kuwa, titin Al Rigga na birnin Dubai yana ta hidimarsa cikin rana.

Shekara huɗu tana wannan ofishin tafiye-tafiye, ta yanki tikitin Umara da na China ba adadi. Amma ba ta taɓa tura ɗan kasuwar Naif yawon ƙanƙara ba sai Alhaji Mijinyawa, mai sarin jakunkuna, dattijon da ko na'urar sanyaya ofis sai da ya sa aka kashe masa kafin ya zauna.

Sati uku ke nan da zuwansa. Ya buɗe mata shafin wani kamfani a wayarsa: jagorori shida a jere, kowa ya naɗe fuska da mayafi da ƙaton tabarau, wuƙa rataye a ƙugu. Ya ɗora yatsa a kan na uku daga hagu. A ƙasa an rubuta Ibrahim kawai, ta ɗauka Baturke ne ko Basomale.

"Wannan nake so," in ji shi. "Daga ni sai shi. Ban son rakiyar kowa."

Sai ya shiga jero tambayoyi. Shi ma za a rufe masa fuska? Ta ce ƙwarai, har da hular kwano. Waya tana aiki a dajin? Babu, sai ta tauraron ɗan adam da ke hannun jagora. Gaskiya ne jagora ba ya tafiya ya bar baƙo, kome ya shiga tsakaninsu? Ta karanta masa dokar kamfanin, ta kuma yi murmushi a ranta, ashe manya ma suna tsoron a yar da su a daji.

Daga ƙarshe ya ce a takardar yawon kada ta sa sunansa, ta rubuta Sanda. Ba tikitin jirgi ba ne, babu mai duba fasfo. Ta san ba daidai ba ne, amma furfura ta yi mata kwarjini, ta rubuta.

Ƙarfe uku saura kwata wayar ofis ta yi ƙara. Wata mata ce daga kamfanin, Turancinta a tsaye, babu gaisuwa. Ƙa'ida ce jagora ya kira duk bayan awa ɗaya, bai kira ba. Sun kira shi sau biyar, bai ɗauka ba. Sanyi ya kai ashirin da takwas ƙasa da sifili, kuma mutumin da ya zauna wuri ɗaya a irin wannan sanyi, awa guda ta ishe shi. Sun tuntuɓi otal, an ce babu wani Sanda a rajista.

"Wane ne kika turo mana?"

Nan Sa'adiya ta tuna. Ran nan da Alhaji zai fita daga ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hoton, yana magana shi kaɗai: "Ko a duhu na san wannan tsayuwar. Sau uku ina ritsa shi, yana hango ni ya sulale. Wannan karon babu inda za shi, khalas, shi ke nan."

A lokacin ta ɗauka surutun tsufa ne. Yanzu kuwa ta gane. Fuska a rufe, sunan aro, dajin da ba waya ba shaida, ga mutumin da doka ta hana shi gudu. Tsoro ya kama ta sosai, domin da hannunta ta miƙa bawan Allah ga mai farautarsa.

Ta faɗi sunan gaskiya, ta tura hoton fasfo. Matar ta ce masu ceto suna shiri, za a kuma sanar da 'yan sanda, ta katse.

Aka kira sallar La'asar, ta kasa tashi daga kujera. Addu'ar da ta zo bakinta take yi, idonta a kan ɗigon, ɗigon bai motsa ba. Ba ta san ko fuskar Ibrahim ɗin ba, amma shi take roƙa wa rai.

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin wayarta ta hannu ta yi ƙara, wata doguwar lamba. Da farko iska kawai take ji tana kururuwa. Sai muryar namiji, cikin Hausar Kano wadda ta daɗe ba a taɓa ta ba.

"Hajiya, Ibrahim ne. Ke ce kika turo shi?"

"Ni ce. Don Allah, kana lafiya? Ya ji maka ciwo?"

"Babu wanda ya ji ciwo, na gaya wa ofis su dakatar da masu ceto. Kashe babur ya yi, ya cire hular kwano, ya zauna dirshan a kan ƙanƙara. Ya rantse ba zai tashi ba sai na yafe masa korar da ya yi mini. Ni kuma ba ni da ikon tafiya in bar shi."

"To, ya tashi?"



"Ya tashi. Ga shi nan na naɗe shi da bargo, haƙoransa na kaɗawa, wai ki ƙara masa kwana uku a tikiti." Ya ja hanci. "Hajiya, shekara tara ina guje wa mahaifina, ke kuma kin ba shi hayata ta yini guda."